Guduma da Auduga

Daga Tsinke zuwa ga Kawu

Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da ƙafar nan da Mama ta ce tana damunka in sanyi ya shigo. Ni ce Tsinke, 'yar Maiɗinki. Rabonka da ni tun ina zura hannu a aljihunka ina laluben alewa, shi ya sa na sa sunan da kai ka laƙaba mini, don kada ka yi ta tunanin ko wace ce. Na gode da ta'aziyyar rasuwar Mama da ka aiko. A ɗakinta na karanta, a kan kujerar keken ɗinkinta, na yi kuka har na gaji.

Na so in kira ka a waya, sai aka ce injin yankan katako ya tafi da jinka, ko an yi magana ba ka kamawa. To ga takarda.

Alfarma nake nema, Kawu, kuma da kunya nake nemanta, don na san dangantakarmu sai an zauna an warware: mahaifiyarka da kakata ne uwa ɗaya uba ɗaya. Mama ta bar kyanwa. Fara ce tas, Auduga take ce mata, don a cikin buhun audugar matashi ta tsince ta tana jaririya. Duk tsawon jinyar nan ita ke kwanciya a ƙafafunta. Yanzu mai gidan haya ya karɓi ɗakinsa, an sayar da keken ɗinki, an raba tufafi. Abin da ya fito daga ɗakin nan yana numfashi, daga ni sai kyanwar nan.

Ni kuma na koma makarantar koyon aikin unguwarzoma. Mu huɗu ne a ɗaki, dokarsu ta hana ko tsuntsu. Na ɓoye ta cikin kwali a ƙarƙashin gado, mai kula da ɗakuna ta jiyo kukanta, ta ba ni zuwa ƙarshen wata in san inda na kai ta.

Na bi 'yan uwa na kusa. Goggo ta ce jikanta na da ciwon ƙirji, ba ya shiri da gashin dabba. Yaya kuwa dariya ya yi, wai in sake ta a bayan kasuwa, ai kyanwa ba ta rasa abinci. Wallahi ban iya ba. Mama ta sha faɗa mini kana da tsakar gida mai faɗi da shago a gefe. In za ka iya riƙe mini ita har in gama karatu, ka taimake ni. In ba zai yiwu ba, kada ka ji nauyi, ka faɗa mini kai tsaye.

'Yarka,
Tsinke

Daga Kawu zuwa ga Tsinke

Tsinke,

Wa alaikumus salam. Ashe kina nan, har kin kai riƙe jariran mutane! Allah ya jiƙan mamanki, ya ba ki haƙuri. Ƙafa tana nan yadda take, ta daina tambayata izini kafin ta yi ciwo. Hannu ma ya bi sahu, rawa yake yi, sai ki yi haƙuri da rubutun.

Zancen warware dangantaka ki bar shi. Ni na goya mamanki na tsallakar da ita rafi ranar da ta yar da takalminta a ruwa, ta kuma ce ni na tura ta. Wanda ya sha duka saboda mamanki ai ba na nesa ba ne. Ki turo kyanwar. Direban da ke kawo mini katako yana bi ta garinku, na kwatanta masa makarantarku, mutumin kirki ne.

Sai dai akwai abin da mamanki ba ta faɗa miki ba, ko ta manta. Ina da kare. Guduma sunansa, kansa kawai za ki kalla ki san dalili. A ƙarƙashin teburin aiki na same shi yana ɗan ƙarami, cikin garin katako, yana rawar sanyi. Tun da matata ta rasu yara kuma suka watse, mu biyu ne a gidan. Shi ne kunnena. In an buga ƙofa, zuwa yake ya dafa mini gwiwa da haɓarsa, in ruwan shayi ya tafasa ma haka. Ya tsufa, bakinsa ya yi fari, amma ba zan yi miki ƙarya ba: ya tsani kyanwa. Duk wadda ta hau katangarmu sai ya raka ta da haushi har ƙarshen layi. Ban taɓa ganin ya kama ko ɗaya ba, ban kuma taɓa ganin ya fasa gwadawa ba.

Na share ƙaramin ɗakin da nake ajiye fenti, na fitar da gwangwanaye, na kafa katako a bango can sama don ta sami wurin hawa. Ɗakin yana da taga mai raga, rana na shiga da safe. Ki yi shawara da zuciyarki, in kin yarda ki ba direban.

Kawunki

Daga Tsinke zuwa ga Kawu

Kawu,

Ina gaisuwa, ina yi maka sannu da ƙafa da hannu. Ni lafiya lau, sai tsayuwar asibiti da ke kumbura mana sawu.

Da na kai wurin maganar kare, sai da na ajiye takardar. Akwai tabo a ƙwaurina na hagu tun ina 'yar firamare, karen maƙwabta ne ya yi mini shi, har yau in na ji haushi sai in sauya hanya. Na kwana biyu ina neman wata hanya, babu. Saboda haka ga ta nan a kwando, da tsohon ɗankwalin Mama a ciki, kada a wanke shi don Allah.

Na je wurin likitar dabbobi da ke bayan makarantarmu, ta ce kada a haɗa su ido da ido da wuri. A bar ta a ɗakinta tukuna. A goga tsumma a jikinta a kai masa ya shinshina, a goga wani a jikinsa a kai mata. A riƙa ba su abinci lokaci ɗaya, ita ciki, shi waje, ƙofa a rufe a tsakani. In ranar haɗuwa ta zo, shi yana ɗaure, ita tana da wurin gudu.

Kawu, abu ɗaya za ka yi mini alkawari. Kada ka bar ƙofar nan a buɗe. Ko ka ga kamar sun saba, ko ya yi maka kwanciyar mutumin kirki, kada ka yarda da shi. Ba ni da wata Audugar.

Rubutunka kuwa ina karantawa, amma k ɗinka da ƙ ɗinka kansu ɗaya, kowanne da 'yar ƙugiyarsa a sama. Inda ka ce ka kafa katako, na daɗe ina kallo ina cewa me kuma ya haɗa ƙafar Kawu da katako. Shi ne karo na farko da na yi dariya tun rasuwar.

'Yarka,
Tsinke

Daga Kawu zuwa ga Tsinke

Tsinke,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki riƙa ɗora ƙafafunki a kan matashi in kin dawo daga asibiti, haka matata take yi lokacin da take aikin tsaye. Ni da sauƙi. Ƙugiya kuwa ba ni nake sa ta ba, hannun ne ke yin gaban kansa, sai ki riƙa cire wadda ba ta da aiki.

Baƙuwa ta sauka lafiya. Direban ya ce tun daga garinku take faɗa masa magana, bai san laifin da ya yi mata ba. Na rufe Guduma a shago kafin in shigo da kwandon. Da na buɗe, ko kallona ba ta yi ba, ta shige bayan tsohuwar akwatin kayan aiki, kwanaki ba na ganin komai sai idanu biyu. Abinci sai na fita take ci. Na shimfiɗa mata ɗankwalin a kan katakon sama, yanzu can take wuni. Na gane ɗankwalin, Tsinke. Da shi mamanki ta zo jana'izar matata. Na daɗe tsaye a ɗakin nan ban iya fita ba.

Maganar tsumma na yi yadda likitarku ta ce. Da na kai wa Guduma nata, ya shinshina, gashin bayansa ya miƙe, ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya ci amana. Daga nan ya ɗauki tsumman ya kai bayan tankin ruwa ya binne. Ita kuwa da na kai mata nasa, ta yi masa tsaki ta mare shi, ta koma sama. Na ce to madalla, an gaisa.

Abinci a bakin ƙofa ya fi ba ni wahala. Da farko ƙin ci ya yi, ya sa hanci a ƙasan ƙofar yana huci kamar zugazugi. Sai na ja kwanonsa baya sosai, kullum ina matso da shi kaɗan. Yanzu yana ci dab da ƙofar, ita ma ina jin motsin kwanonta ta tafin hannuna in na dafa katakon, tun da kunne babu.

Na yi wani abu da ba ya cikin dokar likita. Na haɗa ƙofa ta biyu, ta raga mai kauri, na sa mata sakata biyu. In na buɗe ta katakon, suna ganin juna amma ba mai taɓa wani. Ranar farko ya yi haushi har maƙwabcina bakanike ya leƙo ta katanga. Na zauna a ƙasa kusa da shi, na riƙe wuyansa, na yi ta yi masa magana. Na ce masa marainiya ce, kai ma haka na same ka. Ban san abin da ya ji a ciki ba, amma ya kwanta.

Alkawari kuwa na ɗauka. Ƙofar tana rufe.

Kawunki

Daga Kawu zuwa ga Tsinke

Tsinke,

Ina gaisuwa. Shiru ban ji daga gare ki ba, direban ya ce jarrabawa kuke yi, Allah ya ba da sa'a. Ƙafa ta ɗan tashi da ruwan saman nan, ta koma.

Kada ki yi fushi da abin da zan faɗa. Auduga ta gaji da ɗaki. Ta fara yagar ragar, tana kuka, bakanike ya ce har shagonsa ake ji. Sai na ɗaure Guduma a ginshiƙin rumfa na buɗe mata. Ta fito tana taka ƙasa kamar mai tsoron ta ƙone, ta zagaya tsakar gida, ta hau teburin aiki, ta zauna ta kafa masa ido. Shi kuma ya kau da kai yana kallon katanga, wai bai san da ita ba. Haka muka yi ta yi kullum da hantsi.

Shekaranjiya ta sauko ta sha ruwa a kwanonsa, yana kallo. Na riƙe igiyar da hannu biyu. Bai ko motsa ba, sai wutsiyarsa da ta bugi ƙasa sau ɗaya. Na san abin da na yi miki alkawari, ina kuma kula. In zan fita ko zan kunna inji, tana ciki, sakata biyu a rufe. Amma ina ganin gidan nan ya fara zama na mu uku. In kun yi hutu ki zo ki gani da idonki, na gyara ɗakin yara.

Kawunki

Daga Kawu zuwa ga Tsinke

Tsinke,

Gaisuwa. A tsaye nake rubutun nan, direban yana jira. Yau da hantsi an yi mummunan abu a tsakar gida, jini ko'ina. Auduga tana kwance a rana, ni ina ciki ban ji komai ba. Karen ya kare ta. Laifina ne, ni na bar ƙofa a buɗe. Hannuna ya ƙi tsayawa, sauran bayani sai na natsu. Ki yi mana addu'a.

Kawunki

Daga Tsinke zuwa ga Kawu

Kawu,

Ina gaisuwa don Mama ta koya mini in gaida na gaba da ni ko raina a ɓace yake. Lafiyata kuwa ba ta da daɗin faɗa.

Na fito daga ɗakin haihuwa aka miƙo mini takardarka. Layi ɗaya na gani, sauran duk suka dushe: karen ya ƙare ta. Haka kawai, Kawu? Kamar ragowar abinci? Abu ɗaya na roƙe ka. Ban ce ka so ta ba, ban ce ka kore shi ba, cewa na yi ka rufe ƙofa. Ka rubuta da hannunka cewa ka ɗauki alkawari. Tun wasiƙar da ka ce ta sha ruwa a kwanonsa gabana ke faɗuwa, na yi shiru don kada in zama mara kunya. Da na sani da na yi rashin kunyar.

Da na bi maganar Yaya na sake ta a bayan kasuwa, da ko ba komai zan riƙa cewa tana can wani wuri tana raye. Ni na sa ta a kwando da hannuna, tana kuka ina lallashinta, na aika ta bakin wannan mugun abu. Ranar da Mama za ta cika, hannunta a kan bayan kyanwar nan yake. Yau ji nake kamar an sake yi mini rasuwar.

Ka ce in yi muku addu'a. Kai zan yi maka, don kai kawuna ne. Shi kuwa Allah ya isa tsakanina da shi, kada in sake jin sunansa. Hutu ba zan zo ba. Ɗankwalin Mama ka ba direba ya kawo mini, kada ka haɗo shi da bayani, ba na bukata.

Tsinke

A jikin wani ɗan falankin katako, babu ambulan, direba ya kawo

Tsinke, kin mayar mini da wasiƙata ba ki buɗe ba. To wannan ba ta da murfin da za ki ƙi buɗewa. Dubi ƙasa: sawun Auduga ne, jiya ta taka fentin da na zubar ta bi ta kan katakon nan. Tana raye, ko ƙwarzane babu a jikinta. Ga wasiƙar na sake haɗowa, ki karanta don Allah.

Wasiƙar da aka mayar

Tsinke,

Gaisuwa, da ban haƙuri. Takardarki ta same ni zaune a ƙasan rumfa, kan Guduma a cinyata, ina ɗiga masa ruwa da cokali. Na karanta na sake karantawa ban gane inda muka rabu ba. Sai da na ga yadda kika rubuta maganata, da ƙugiya a kan k, sannan na dafe kai. Hannun nan ya ja mana. Ni cewa na yi ya kare ta, ya tsare ta, ya shiga tsakani.

Ga yadda aka yi. An kawo katako da safe, na buɗe babbar ƙofa ta waje aka shigo da shi, na manta ban mayar ba. Ita ce ƙofar da na ce. Auduga tana kwance cikin garin katako tana shan rana, Guduma yana rumfa, ba a ɗaure ba, don ya daɗe da daina kula ta. Na shiga ɗaki neman tabarau. Karnuka biyu na bola, waɗanda ke yawo a bayan mahauta, suka shigo. Ni ban ji komai ba, kin san kunnena. Na dai lura bai zo ya dafa mini gwiwa ba alhali na ga inuwa ta gifta ta taga.

Da na fito, tana maƙure a lungun tanki, ba wurin hawa, shi kuma yana tsaye a kanta, ta shige tsakanin ƙafafunsa. Su biyu suna cizonsa, ɗaya a wuya, ɗaya a ciki, bai ja da baya ko taki ɗaya ba. Tsohon da in zai tashi sai ya yi shawara da gwiwoyinsa. Bakanike ne ya tsallako katanga da ƙarfe a hannu ya kore su. A motarsa muka kai shi wurin likitan dabbobi, aka ɗinke abin da zai ɗinku. A ƙofar asibitin na rubuta miki waccan guntuwar takardar, jikina duk jini.

Ban ji haushin abin da kika rubuta ba. Wadda ta binne uwa kwanan nan tana da hakkin ta yi ihu. Allah ya isan ce kawai ta tsaya mini, don a lokacin yana kallona. Na ninke takardar na sa a aljihu, na ci gaba da ba shi ruwa.

Yana jin jiki, amma yana shan romo kaɗan. Ɗankwalin ban ba direba ba, Auduga tana amfani da shi.

Kawunki

Daga Tsinke zuwa ga Kawu

Kawu,

Ina gaisuwa, in har za ka amsa gaisuwar mara hankali. Yaya ƙafa, yaya hannu, yaya mai jiki?

Direban ya ajiye mini katakon a kan tebur, ya tsaya sai da na karanta. Da na ga sawun nan huɗu na shuɗin fenti, sai na zauna a ƙasa a gaban ƙawayena. Na ɗauko guntuwar takardarka na sake dubawa a hasken taga. Ƙugiyar tana nan, 'yar mitsitsiya, irin wadda ke kan kowane k naka. Ni da bakina na tsokane ka a kanta. Kai kuma ka ce in riƙa cire wadda ba ta da aiki. Ranar da ya kamata in cire, ban cire ba, don tun kafin takardar ta zo na riga na yanke masa hukunci. Karen da ya cije ni ina yarinya na gani, ban ga naka ba.

Makonnin da na yi ina gaba da kai, kai kana can kai kaɗai da jinya. Na san jinya, Kawu, na san yadda gida ke yin shiru. Ka yafe mini. Allah ya isan da na yi na janye ta, na janye ta har ga Allah, ka faɗa masa a kunne tun da shi nasa yana ji.

Likitar bayan makarantarmu ta ce ciwon ciki a tsohon kare sai an kula da zazzaɓi, in hancinsa ya bushe ya ƙi ruwa a mayar da shi asibiti da sauri. Wanke ciwo da canza bandeji kuwa aikina ne, na iya. An ba mu hutu ƙarshen watan nan, zan biyo direban. Har yanzu ina tsoron kare, ba zan ɓoye maka ba, wataƙila hannuna ya fi naka rawa. Amma ina so in durƙusa a gabansa in dafa wannan kan da ka ce kamar guduma. Me ya fi so in kawo masa? Yana tashi yanzu? Auduga tana zuwa kusa da shi?

'Yarka,
Tsinke

Daga Kawu zuwa ga Tsinke

'Yata,

Na amsa gaisuwarki da hannu biyu. Ƙafa da sauƙi, hannu yana nan da halinsa. Zancen yafiya ya wuce, ban riƙe ki da komai ba. Ki daina zagin kanki, ni ma da na rufe ƙofar waje da duk ba a yi haka ba. Kowa ya ɗauki nasa mu wuce.

Kin yi tambayoyi, bari in bi su. Ko tana zuwa kusa da shi? Tun daren da muka dawo da shi daga asibiti ba ta koma ɗakinta ba. Na shimfiɗa masa buhu a rumfa, ta zo ta tsaya daga nesa tana kallo, washegari na same ta kwance a bayansa, wajen da babu ɗinki. In ƙuda ya sauka a kan ciwon sai ta kai masa mari. Tana lasar masa kunne, shi kuma yana lumshe ido kamar wanda ake yi wa aski. Ɗankwalin mamanki da kanta ta jawo shi daga sama, ta yi ta ja da baki har rumfar, ban hana ta ba.

Ko yana tashi? Ya tashi sau ɗaya. Bakanike ya buga ƙofa, sai na ga ya yunƙura, ya ja jiki har inda nake zaune, ya ɗora haɓarsa a gwiwata. Na ce masa ai da ka bari, na ga inuwarsa. Ban taɓa jin nauyin kansa kamar na ranar ba.

Saƙonki na faɗa masa. Na je har inda yake, bayan tankin ruwa, wurin da ya taɓa binne tsumman Auduga, na durƙusa na ce Tsinke ta janye maganarta, ta ce a gode maka. Wasiƙarki ta zo ne bayan an kwana biyu da yin abin. Zazzaɓin da likitarku ta faɗa shi ne ya zo, mun koma asibiti, suka ce jikin ya tsufa da wannan faɗan. Na dawo da shi gida don kada ya tafi a kan teburin ƙarfe. Da hantsi ne, rana ta shigo rumfa, kansa a cinyata, ita a bayansa.

Kin tambayi abin da za ki kawo masa. Ki kawo kanki kawai. Yanzu in an buga ƙofa ba na sani, sai ki ce wa direban ya leƙo ta katanga. Auduga ta koma kwana a kan buhunsa, in ruwan shayi ya tafasa takan ɗaga kai ta dube ni, amma ba ta san ana zuwa a faɗa ba.

Na yi ta kewaye-kewaye don ba na son rubuta kalmar. Ga ta nan, ki dube ta da kyau. Na ɗauko fensirin aiki, na dafe hannun dama da na hagu, na ja ƙugiyar a hankali, don kada ki ce rawar hannu ce ki cire ta. Wannan tana da aiki.

Guduma ya ƙare.

Ɗakin yara yana nan a share. Ki zo.

Kawunki